Gurbin da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Rubuta Bayanin Tsarin Bayanai Mai Sauya Tazara a Manhajojin Tushe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata matsala da masu rubuta manhajojin tushe da harshen C ke fama da ita, wato yadda za a bayyana tsarin bayanai wanda ba a sanin mazaunin wasu gurabensa sai an karanta abin da ke cikin wasu. An ɗauko misalai daga ƙa'idojin intanet da kanel ɗin Linux da kuma UEFI. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, lissafin da ke kai mutum ga gurbi ɓangare ne na tsarin kansa, don haka a jikin tsarin ya kamata a rubuta shi, a matsayin lissafi, tare da faɗin wanda ya rubuta lambar da ake lissafin da ita.

1.0 Gabatarwa

Idan mai shiri ya rubuta `struct` a harshen C, ya yi abu biyu a lokaci guda: ya ba kwampaila umarni, ya kuma bar wa na bayansa taswira. Kowane gurbi yana da tazararsa daga farkon tsarin, kwampaila ya san ta, kuma duk wanda ya so sani zai tambayi `offsetof`. Wannan taswira tana aiki ne muddin girman kowane gurbi tsayayye ne. Da zarar an sa sunan fayil, ko jerin da ba a san adadinsa ba, ko gurbin da wani lokaci yana nan wani lokaci babu, to daga nan taswirar ta ƙare. Abin da ya biyo baya ya tashi daga gida mai lamba ya koma gidan da sai da kwatance: ka wuce kaza, ka ƙirga kaza, sannan ka tarar da shi.

Harshen C bai taimaka sosai ba. Ƙa'idar C99 ta halatta jeri mai buɗaɗɗen ƙarshe, wanda ake rubutawa `suna[]`, bisa sharaɗin ya zama gurbi na ƙarshe, kuma guda ɗaya tak. Kafin nan dabara ake yi, a rubuta `[1]` ko `[0]` sannan a keɓe wurin da ya fi haka. Amma tsare-tsaren da ake aiki da su a zahiri sau da yawa suna da abu a bayan jerin, wasu ma jeri biyu ne ko uku. Harshen ba shi da bakin faɗin wannan. Sai ya zama bayanin gefe ne kaɗai ke ɗauke da ilimin, shi kuwa bayanin gefe babu kwampailan da ke duba gaskiyarsa.

2.0 Kalmar "tsawo" ba ta isa bayani ba

Mafi yawan bayanan gefen da mutum zai ci karo da su a kan irin wannan gurbi kalma ɗaya ce ko biyu, misali "tsawon rikodi". A ga mai rubutun, magana ta ƙare. Bari mu ga abin da kalmar ta ɓoye, mu fara da kan fakitin IPv4 kamar yadda RFC 791 ta tsara shi a 1981.

A cikin bayit 20 na farko akwai ma'auni iri uku. Gurbin IHL, mai bit 4, yana ƙirga tsawon kan fakitin da bayit hurhuɗu: 5 na nufin bayit 20, 15 na nufin 60. Gurbin jimillar tsawo yana ƙirgawa da bayit ɗai-ɗai, kuma ya haɗa da kan fakitin. Gurbin tazarar gutsure kuwa da bayit takwas-takwas yake ƙirgawa. Da aka zo IPv6 sai lissafin ya sake: tsawon kaya bai haɗa da bayit 40 na kan fakiti ba, amma ya haɗa da ƙarin kanun da ke biye. Su ƙarin kanun, irin na zaɓuɓɓuka da na hanya, suna faɗin tsawonsu da takwas-takwas ba tare da ƙirga takwas ɗin farko ba, don haka sifili a wurin yana nufin bayit 8. Kan tantancewa na IPsec, wanda zai iya zama a layi ɗaya da su, da hurhuɗu yake ƙirgawa, sannan a cire 2. Duk waɗannan "tsawo" ake kiran su. Mai shirin da ya rubuta aiki guda don tsallake kanun IPv6 ba tare da ware kan tantancewa ba zai sauka a wurin da ba nan ne farkon kai na gaba ba.

Ba a ce masu rubuta waɗannan ƙa'idoji sun yi sakaci ba. Hasali ma sun fayyace komai, har da zanen akwatuna mai nuna kowane bit. Matsalar tana faruwa ne a hanya, lokacin da aka kwaso tsarin daga takardar ƙa'ida zuwa fayil ɗin shiri, aka ɗauko sunan gurbin aka bar ma'auninsa a can.

Sai batun ciko, wato bayit ɗin da ake ƙarawa don abin da ke gaba ya faɗa kan sahu. A Linux mai bit 64, kan saƙon `cmsghdr` bayit 16 ne. Idan za a aika lambar fayil ɗaya mai bayit 4 ta soket, `CMSG_LEN` zai ba da 20, `CMSG_SPACE` kuma 24. Na farko shi ake rubutawa a gurbin tsawo, na biyu shi ake keɓe wuri da shi. A `inotify_event` kuwa gurbin `len` ya riga ya haɗiye cikon da ke bayan suna. A rikodin folda na ext4, `rec_len` ba girman abin da ke ciki yake faɗa ba, nisan da ke tsakaninka da rikodi na gaba yake faɗa. Idan aka goge fayil, rikodin da ke gabaninsa ne ake ƙara wa `rec_len` ya lulluɓe wurin, shi ya sa `name_len` yake zaman kansa. A SMBIOS, bayit ɗin tsawo ya tsaya ne a sashen da ke da tsayayyen tsari, rubutattun sunayen da ke biye sai an bi su har a tarar da sifili biyu a jere. Tsari huɗu, ma'ana huɗu.

Ke nan bayanin kowane gurbin tsawo ko tazara dole ya faɗi daga ina ake fara awo, da wane ma'auni, da abin da ya shiga ciki da wanda bai shiga ba. Wannan bai fi layi biyu ba, amma shi ne layi biyun da aka fi rasawa.

3.0 Gurbin da ke bayan jeri

Misalin da ya fi koyarwa a nan shi ne tsohon `linux_dirent`, wanda kiran `getdents` ke dawowa da shi idan ana karanta folda. Gurabensa huɗu ne a rubuce: `d_ino`, `d_off`, `d_reclen`, sai `d_name`. Daga baya aka buƙaci faɗin nau'in fayil, folda ne ko fayil ne ko mahaɗi. Sa sabon gurbi a gaban suna zai karya duk shirye-shiryen da aka riga aka harhaɗa. Sai tun daga Linux 2.6.4 aka ɓoye `d_type` a bayit na ƙarshe na rikodin, a tazarar `d_reclen - 1`.

Mu duba shi kusa. A na'ura mai bit 64, gurabe biyun farko bayit takwas-takwas ne, `d_reclen` biyu, don haka suna yana farawa a tazara ta 18. A ce sunan fayil ɗin `kano.c` ne, haruffa shida. Kanel zai tara 18 da 6, ya ƙara 2, ɗaya don sifilin rufe suna ɗaya don nau'i, ya samu 26, sannan ya ɗaga zuwa ninkin 8, wato 32. Suna ya mamaye 18 zuwa 23, sifili yana 24, nau'in fayil yana can 31. Abin da ke tsakanin 25 da 30 ciko ne. Wanda ya zaci nau'in yana manne da sifilin suna zai karanta bayit na 25, ya samu abin da ba nau'i ba ne.

Shafin jagora na `getdents` ya magance wannan ta hanyar da ta cancanci koyi. Ya rubuta gurbin da C ba zai iya ɗauka ba a cikin bayanin gefe, a daidai wurin da ya kamata ya zauna, da siffar gurbi, da lissafin tazararsa da kuma sigar kanel ɗin da ya fara bayyana. Mai karatu yana gangarowa daga sama, idonsa zai faɗa kansa ko bai nema ba. Duk da haka akwai wurin tuntuɓe. Lissafin da aka ba `d_name`, wato `d_reclen` a cire 2 a cire tazarar suna, a misalinmu 12 yake bayarwa, ba 6 ba. Girman wurin ke nan har da ciko, ba tsawon sunan ba. Lissafin daidai ne, amma sai an faɗi amsar wace tambaya yake bayarwa. (Shi ma `d_off` sunansa na yaudara: a tsofaffin tsarukan ajiya tazara ce ta gaske, a wasu na yanzu kuwa lamba ce kawai da tsarin ajiyar ya san ma'anarta, ba a lissafi da ita.)

Sabon tsarin, `linux_dirent64`, ya dawo da `d_type` gaban suna, amma ya zo da nasa tarko. Suna yana farawa a tazara ta 19, alhali `sizeof` na tsarin 24 ne saboda cikon da kwampaila ke ƙarawa a ƙarshe. Duk inda aka rubuta cewa suna yana "bayan kan rikodi", sai a tambaya: bayan 19 ko bayan 24?

Zoben virtio, wanda injunan kwaikwayo ke musayar bayanai da shi, ya bi hanya mai ƙarin mataki ɗaya. Zoben `avail` yana da `flags` da `idx`, bayit bibbiyu, sai jeri mai girman layin, sai `used_event` a bayan jerin, wanda ake amfani da shi idan ɓangarorin biyu sun amince da hakan. A layi mai gurbi 256, kowanne bayit biyu, tazararsa 4 a tara da 512, wato 516. Fayil ɗin `virtio_ring.h` ya zana dukkan shimfiɗar a bayanin gefe kamar `struct` ɗin da ba za a iya harhaɗawa ba, sannan ya ba da makro, `vring_used_event`, wanda aikinsa kawai karanta gurbi na `num` (girman layin) a jerin, wato wanda ke bayan na ƙarshe. Zanen yana koyar da mutum, makron yana hana kowa sake yin lissafin da kansa. A ganina babu ɗaya da zai maye gurbin ɗaya. Makro shi kaɗai yana kama da kuskuren wuce iyakar jeri, har wani mai kyakkyawar niyya zai iya zuwa ya "gyara" shi.

4.0 Gurbin da yana nan ko babu

A `perf_event.h`, rikodin samfur yana ɗauke da gurabe da dama waɗanda kowanne sai an kunna tutarsa yake bayyana. Marubutan sun ƙirƙiro ɗan salo: a rubuta gurbin cikin baka, a bi shi da `&&` da sunan tutar. Layi ɗaya ya faɗi nau'i da jerin zuwa da sharaɗi. Salon ba C ba ne, amma duk mai karanta C zai gane shi nan take, kuma ya fi sakin layi goma na zance.

Wannan tsari ya kuma nuna abin da rubuta lissafi ke tonawa. Idan fayil ya haɗa samfura daga ma'aunai daban-daban, kowanne da tutocinsa, mai karantawa yana buƙatar lambar shaidar samfur kafin ya san tutocin, kuma yana buƙatar tutocin kafin ya san inda lambar shaidar take. A Linux 3.12, a 2013, aka ƙara `PERF_SAMPLE_IDENTIFIER` don ajiye lambar a tsayayyen wuri. Da mutum zai zauna ya rubuta tazarar kowane gurbi a matsayin lissafi tun ranar tsarawa, irin wannan zagaye yakan fito fili, domin zai ga gurbin yana neman kansa a cikin lissafinsa.

5.0 Wa ya rubuta lambar?

Nan ne aka fi yin tuya a manta da albasa. Lissafin tazara yana iya zama daidai, ma'auni daidai, amma lambar da aka zuba masa ta fito daga hannun wanda ba a yarda da shi ba.

Heartbleed, da aka bayyana ranar 7 ga Afrilu 2014, misali ne da kowa ya sani, amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. RFC 6520 ta 2012 ta ce ƙarara idan tsawon da saƙon bugun zuciya ya yi iƙirari ya wuce kima, a jefar da saƙon. Dokar tana rubuce. Sai dai tana can cikin takardar ƙa'ida, ba ta iso wurin da OpenSSL 1.0.1 ke karanta bayit biyun tsawon ba, sai ya riƙa kwafo har kusan kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar uwar garke yana miƙa wa mai tambaya. Gyaran ɗan gwaji ne: a tara 1 na nau'i, 2 na tsawo, kayan da aka yi iƙirari, da 16 na mafi ƙarancin ciko, idan sun wuce abin da ya iso a zahiri a watsar. Wannan gwaji shi ne lissafin shimfiɗar tsarin, ba wani abu daban ba. Da an rubuta shi a jikin tsarin, da mai bitar shirin ya samu abin da zai auna aikin da shi.

Idan ƙwaƙwalwar ta tarayya ce, kamar a virtio ko io_uring, akwai ƙarin tambaya: yaushe lambar za ta iya sauyawa? Ɗaya ɓangaren zai iya canza tsawo bayan an gwada shi kafin a yi aiki da shi. Maganin shi ne a karanta sau ɗaya, a ajiye kwafi, a gwada kwafin, a yi aiki da kwafin. Wannan ma bayani ne na gurbin, kuma ba a ganinsa a nau'insa.

Wani lokacin kuma akasin haka ne: lambar da aka miƙo maka ita ce gaskiya, abin da kwampaila ya sani ne ƙarya. A UEFI, kiran `GetMemoryMap` yana dawo da jerin bayanan ƙwaƙwalwa tare da `DescriptorSize`, kuma ƙa'ida ta ce da shi za a riƙa takawa daga ɗaya zuwa na gaba, domin tsarin zai iya girma nan gaba. Girman tsarin a C bayit 40 ne. Masu EDK II, manhajar da ke aiwatar da UEFI, sun san mutane ba sa karanta gargaɗi, sai da gangan suka sa manhajar tana dawo da 48. Wanda ya taka da `sizeof` zai ga shirme tun daga rikodi na biyu, a kan teburinsa, ba bayan shekaru a na'urar wani ba. Ban san wata hanyar tilasta karanta bayani da ta fi wannan kaifi ba. Shi ma io_uring, tun zuwansa a Linux 5.1 a 2019, bai bar mai amfani ya ƙirga komai ba: kanel ne ke miƙa tazarar kowane gurbi na zoben a cikin `sq_off` da `cq_off`.

6.0 Samfurin da ake ba da shawara

Ga tsari na gwaji da aka ƙirƙira don wannan maƙala, wanda wata na'ura ke aiko wa direbanta:

```c
/*
 * Na'ura ce ke rubutawa. Ba a yarda da ko ɗaya daga lambobin ba.
 * A kwafi bayit 4 na farko sau ɗaya, a gwada kwafin.
 *
 * tazara          girma      gurbi
 * 0               2          tsawo
 * 2               1          adadi
 * 3               1          tuta
 * 4               4*adadi    lamba[]
 * L = 4+4*adadi   8          lokaci, idan tuta & 1
 * J = L ko L+8    tsawo-J    jiki
 *
 * Sharaɗi: J <= tsawo <= abin da ya rage a ma'aji.
 * Saƙo na gaba: farkon wannan + tsawo, a ɗaga zuwa ninkin 4.
 * Sahun 4 kawai aka lamunce wa lokaci.
 */
struct sako {
	__le16 tsawo; /* bayit, daga farkon saƙo, ban da ciko */
	__u8   adadi; /* yawan lamba[], ba bayit ba */
	__u8   tuta;
	__le32 lamba[] __counted_by(adadi);
	/* __le64 lokaci. Duba sako_lokaci */
	/* __u8   jiki[]. Duba sako_jiki */
};
```

Abubuwa biyu ne a ciki suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko layin sharaɗi. Tunda J ba ya kasa 4, gwajin ya hana `tsawo` zama sifili, wanda da ya wuce zai sa madaukin karanta saƙonni ya yi ta juyawa a wuri ɗaya har abada. Na biyu layin sahu. Gurbin `lokaci` bayit 8 ne, amma tazararsa ninkin 4 ce kawai. Idan saƙo ya fara a kan ninkin 8 kuma `adadi` ya zama 2, zai faɗa a 12. Injin x86 zai karanta ba tare da ƙorafi ba, wasu injunan kuma za su tsaya cak, don haka aikin da ke ɗauko shi sai ya bi ta `get_unaligned_le64`. Wanda bai rubuta teburin ba zai yi wuya ya lura da wannan.

Lissafin L da J kuma a wuri ɗaya za su zauna cikin shirin, a ayyukan da bayanin ya ambata da suna. Sashen da ke tsayayye a ɗaure shi da `_Static_assert` na C11, a ce tazarar `lamba` dole ta zama 4, ta yadda duk wanda ya cusa gurbi a tsakiya harhaɗawa za ta ƙi.

7.0 Iyakar abin da kwampaila zai karɓa

Za a iya cewa bayanin gefe yana tsufa, shiri ya sauya a bar shi a baya. Haka ne, kuma shi ya sa duk abin da na'ura za ta iya dubawa ya kamata a miƙa mata. Kanel ɗin Linux ya yi nisa a wannan hanya. A 2018, cikin siga ta 4.18, aka kawo `struct_size`, wanda ke lissafa girman tsari da jerinsa, idan lissafin ya yi ambaliya ya dawo da `SIZE_MAX` don neman wurin ya faskara. Gustavo A. R. Silva da Kees Cook sun shafe shekaru suna sauya tsofaffin `[0]` da `[1]` zuwa `[]`. A 2023 aka shigo da `__counted_by`, wanda Clang 18 da GCC 15 suka fahimta, yana gaya wa kwampaila wane gurbi ne ke riƙe da adadin jerin don a duba iyaka lokacin aiki. A ɓangaren netlink kuma an fara rubuta shimfiɗar saƙonni a fayilolin YAML, daga nan ake samar da shiri da bayani tare.

Amma `__counted_by` ya zo da dokar da shi kansa sai an rubuta ta: dole a sa wa gurbin adadi ƙima kafin a taɓa jerin, in ba haka ba duba iyakar zai ga jeri marar komai. Kuma abin da yake iya faɗa kaɗan ne. Yana ƙirga 'ya'yan jeri, daga gurbin da ke cikin tsari ɗaya da jerin. Ba zai iya cewa "a ninka da 4 a cire 20" ba kamar yadda zaɓuɓɓukan IPv4 ke buƙata. Bai san `d_type` ba, bai san `used_event` ba, kuma a samfurin da ke sama ya kare `lamba[]` ne kawai, bisa `adadi` ɗin da na'ura ta rubuta, wanda shi ma sai an gwada shi da `tsawo` tukuna.